Injin Jirgin Ruwa a Garkarmu

Injin da ya shayar da garkarmu ba don garka aka ƙera shi ba, na jirgin ruwa ne. Mahaifina ya samo shi a bakin Tafkin Cadi, a wata shekara da ruwa ya ja baya ya bar jiragen masunta kwance a kan busasshiyar laka. Ya ba da bijimai biyu, aka kwance injin daga cikin jirgin, aka ɗoro shi a bayan babbar mota tare da buhunan busasshen kifi har Gure. Daga gari amalanke ta kai shi kwari, inda garkarmu take, tafiyar kusan awa ɗaya a ƙafa. Aka girke shi a kan gungumen goruba a bakin rijiya, aka haɗa shi da famfo da bel. Koren fenti gare shi, duk ya kwaɓe, kuma watanni ya yi yana warin kifi.

A kwari ruwa ba shi da nisa. Ka sauko daga kan tudun yashi, ka haƙa gaba biyu, ka same shi. Wahalar ita ce ɗago shi. Tun zamanin kakana da guga ake yi, kuma abin da hannun mutum biyu zai iya shayarwa ba shi da yawa. Da injin ya zo, mahaifina ya faɗaɗa garkar har ta ninka uku. Ya sa albasa da kabeji kusa da rijiya, can gaba kuma ya shuka alkama, fili mai faɗi wanda guga ba zai taɓa kaiwa ƙarshensa ba. A daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Abin da muka zuba a rumbu, kowa a gidan ya san ba zai kai mu bazara ba. Alkamar nan ita ce abincinmu na sauran shekara, kuma ruwanta yana hannun injin.

Ina da shekara goma sha takwas a lokacin. Ya kamata a ce ina lise, babbar sakandare, a Damagaram, amma yajin aiki ya rufe makarantu, aka sallame mu ba a faɗa mana ranar komawa ba. Na dawo gida da akwatin littattafai, aka ba ni kwana a bukkar garka don korar jakuna da awaki.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma gidanmu na masu riƙe tsohuwar kunya ne. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Mahaifina ma haka. In yana son in yi wani abu, sai ya faɗa wa wanda ke kusa: a ce wa wancan ya kawo galma. In babu kowa, sai ya faɗa wa iska, ni kuma in ji in yi. Tun da aka yaye ni kakata, mahaifiyarsa, ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Ban taɓa jin wannan a matsayin ƙi ba. Na san shi ne ya yi tafiyar kwana biyu ya sayo mini ƙamus ɗin Faransanci, ya ba Kaka ya ce ta ce tsinta aka yi. Amma a shekara goma sha takwas ban taɓa fara yi masa magana ba, in ban da gaisuwa, ita ma kaina a ƙasa.

Injin ba shi da batir, da hannu ake tayar da shi. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zurawa a gaba a yi ta murɗawa, sai faifan ƙarfe mai nauyi ya ɗauki gudu. A samansa akwai ɗan ƙarfe da muke kira kunne. In kunnen yana ɗage, injin na juyawa da sauƙi. In gudu ya kai, sai a sake shi, injin ya yi tari ya kama, ko kuma ya ƙi. Mahaifina ke murɗawa, ni ke riƙe kunne. In ya ce "saki", ba ni yake kallo ba, faifan yake kallo.

A lokacin kaka, murɗawa ɗaya ko biyu ta isa. Da sanyi ya shigo, abin ya sauya. Sanyin kwari ya fi na gari, yana sauka cikin ramin ya kwanta. Da asuba ƙarfen injin yana cizon tafin hannu, baƙin man da ke cikinsa ya yi kauri, gazuwal ɗin jarka ma, man da yake sha, sai ya yi kamar an dama masa gari. Tsohon inji ne, ya sha aiki a tafki kafin ya zo mana. Mahaifina yakan murɗa sau biyar, sau shida, har ya tuɓe rigar sanyi yana haki.

Sai ya samo dabararsa, kuma ba dabarar wauta ba ce, kowane mataki da dalilinsa. Irin wannan inji da ruwa yake sanyaya jikinsa. A jirgi daga tafki yake zuƙa. A garka an ɗora masa tano, wato duron ruwa, a kan dakali, siririn tiyo ya sauko ya shiga jikinsa ta ƙasa, ruwan ya zagaya ya fita ta wani tiyo a sama. A kan tiyon shiga akwai ɗan famfo na buɗewa da rufewa. Ruwan kwari yana da kanwa, in ya kwana cikin ƙarfe yana cinsa, don haka kowace yamma mahaifina yakan rufe famfon, ya kwance wata ƙusa a ƙasa ya tsiyaye injin, ya mayar da ƙusar. Da safe ya sa kaskon garwashi a ƙarƙashinsa, ya kunna tsumma ya kara a bakin da yake shaƙar iska, sannan a murɗa. Ranar farko da ya tashi ta wannan hanya, ya buɗe famfon nan take, ruwan tano mai sanyi ya shiga, injin ya yi tari biyu ya mutu. Tun daga ranar ba ya buɗewa sai injin ya yi gudu a bushe, ya yi zafi sosai. Yana cewa sai ya ji jikinsa.

Ina da agogon roba da kaye, littafin rubutu na makaranta, kuma ni mutum ne mai rubuta abu ko ba a sa ni ba. Kowace safiya nakan rubuta sau nawa aka murɗa, da minti nawa injin ya yi kafin a buɗe masa ruwa. Da farko minti biyu ne. Da sanyi ya ƙaru ya zama uku, ya zama huɗu. Na kuma lura da wani ɗan sauti da yake yi daidai lokacin da ruwan ya shiga, ƙas-ƙas, kamar yadda sabuwar tukunyar ƙasa take yi a kan murhu.

A cikin akwatin sifanonin da ya zo da injin akwai wani ɗan littafi da ya sha ruwa ya bushe, shafukansa sun manne. Ba wanda ya kula shi. Na ɓamɓare shafukan ɗaya-ɗaya da reza. Da harsuna uku aka rubuta shi, ɗaya Faransanci. Kwana huɗu na yi a kansa da ƙamus, don kalmomin ƙarfe ba su cikin abin da aka koya mana a aji. A wajen tsakiya na sami sashen tayar da shi lokacin sanyi. Abu biyu ya faɗa a sarari. Na farko, a cika masa jiki da ruwan zafi kafin a murɗa, zai tashi da sauƙi. Na biyu an zagaye shi da baƙin layi: kada a taɓa barin ruwan sanyi ya shiga injin da ya yi zafi a bushe, kan injin zai tsage. Na karanta layin sau da yawa, na sake duba kowace kalma a ƙamus don kada in zama ni na yi kuskure. Ban yi ba.

Ranar na shiga gari na sami Kaka tana ɓarar gyaɗa a bakin ɗakinta.

Ta ce, "Maigida, yau an tuna da tsohuwar mata? Na ce ko ka yi sabuwa a kwari."

Na zauna na yi mata bayani a hankali, har da zane a ƙasa da tsinke. Ta saurara tana ɓara.

"To ka faɗa wa ubanka mana."

Na ci gaba da zanen ƙasa da tsinken.

"Ai fa. Ku biyun nan, in gobara ta kama rigar ɗayanku, sai ɗayan ya tafi neman wanda zai aika." Ta watsa ɓawon gyaɗa gefe. "Me zan ce masa?"

"Ki ce ya dafa ruwa ya zuba masa kafin ya murɗa. Kada ya bar shi a bushe."

"In ce kai ka gani a takarda."

"A'a, Kaka. Kada ki ambace ni."

"Don me?"

Abin da ke raina shi ne, mutumin da ya ba da bijimansa biyu, ya yi wata guda yana koyon halin injin nan da hannunsa, a ce ɗansa na fari ya aiko masa da gyara daga littafin Nasara. Na ga kamar in ya ji haka ba zai ƙara iya tsayawa kusa da ni a bakin rijiya ba. Na roƙe ta har ta ce to.

Bayan la'asar mahaifina ya shigo gaishe ta. Ina cikin ɗaki, labule ne kawai tsakaninmu.

Ta ce, "Wannan ƙarfen naka, na ji an ce yana wahalar da kai da safe."

"Sanyi ne, Inna."

"Ka dafa masa ruwan zafi ka zuba masa a ciki."

Na ji ya yi ƴar dariya, abin da bai cika yi ba. "Inna, inji ne, ba mai jego ba."

"Mai jegon ma ai don kada sanyi ya kama ta ake yi. Ka gwada."

"To, Inna. Allah ya ƙara girma."

Ya faɗi "to" ɗin da ake faɗa wa uwa, ya tashi ya fita. Kaka ta ɗaga labule ta dube ni. "Ka ji. Maganar tsohuwa ce, ta tafi inda maganar tsofaffi take tafiya."

Tun da a garka nake kwana, sai na yanke shawarar in yi da kaina. Mahaifina yana sallar asuba a gari sannan ya taho, yakan iso gari ya waye. Ni kuma nakan tashi da kiran farko, in hura wuta a bayan bukka, in ɗora tukunyar da muke dafa rogo. In ruwa ya tafasa, in cire tiyon sama, in ɗura da mazurari har sai ya cika, in mayar da tiyon, in goge inda ya zuba, in binne tokar da yashi. In ya iso sai ya tarar da ni ina karatu a bakin bukka.

Safiyar farko, murɗawa ɗaya injin ya kama. Mahaifina ya tsaya da ƙarfen a hannu yana dubansa. Ya bar shi minti huɗunsa kamar kullum, amma yanzu da ruwa a jikinsa, kuma da ya buɗe famfon ban ji sautin nan ba. Ya ga ɗan tururi yana fita ta tiyon sama, ya ce wa iska, jiya ba a tsiyaye shi da kyau ba. Kwana goma sha ɗaya muka yi haka. Na rubuta su duka. Alkama ta yi kore shar, ta fara ɗaukar ciki. Na ji yana gaya wa mutane a bakin masallaci cewa ya gano kan injin, sirrin yana wajen garwashi. Na ji daɗi, kuma na ɗauka na warware matsalar ba tare da kowa ya ji kunya ba. Ban tsaya na yi tunanin cewa na ƙara masa yarda da hanyar da za ta kashe injin ba.

Garkar da ke jikin tamu ta wani Bamange ce, abokin mahaifina tun suna samari, mutum mai yawan ba'a. Da guga yake shayarwa, kuma ƙugunsa ya fara ba shi wahala. Mahaifina ya yi masa alkawarin ranar Laraba za a ja tiyo a ba albasarsa ruwa bayan an gama da tamu. Ban san da alkawarin ba, don ba wanda ya faɗa wa iska a gabana.

Larabar nan ita ce safiya mafi sanyi da na sani a kwari. Raɓa ta jiƙa itacen da na tara, na daɗe ina hurawa kafin wuta ta kama. Tukunyar ko motsi ba ta fara ba na ji muryoyi suna saukowa daga kan tudu. Saboda aikin garka biyu ne, a hanya suka yi salla, suka iso da wuri. Ba lokacin ɓoye komai.

Maƙwabcin ya fara ganina. Kullum Mushe yake kirana, yadda ake kiran malamin lakwal, makarantar boko, da Faransanci.

"Mushe, shayi ne wannan ko wanka? In shayi ne tukunyar ta yi yawa, in wanka ne ta yi kaɗan."

Na gaishe su a tsugune. Mahaifina ya dubi tukunyar, ya dubi mazurarin da ke ajiye a gefenta. Ban san abin da ya gani ba. Ya juya wajen abokinsa.

"Ka ce masa ya sauke tukunyar, garwashin nake so."

"Ka ji, Mushe. Wanka sai rana ta fito."

Na sauke. Da hannuna na kwashe garwashin na zuba a kasko na kai ƙarƙashin injin. Ruwan ya fara ɗumi, da an ba shi minti goma da ya tafasa. Na bar shi a kan yashi.

Na kama kunne, mahaifina ya kama ƙarfe. Ya murɗa, ya ce saki, na saki. Injin ya yi gum ya tsaya. Ya sake, haka. Sau huɗu ya yi, abokin ya karɓa yana dafe ƙugu, ya yi biyu ya ce shi kam ya tuba. Mahaifina ya ƙara kaba a kan garwashin har harshen wuta yana lasar gindin injin. Ya jiƙa tsumma da gazuwal ya kunna. Fuskarsa ta nuna abin ya ɗaure masa kai, kwana goma sha ɗaya yana tashi da murɗawa ɗaya, yau kuma a gaban baƙo ya ƙi.

Abokin ya ce, "Ko dai ni ne ba ya so? Ya ji warin guga a jikina."

Ba wanda ya yi dariya. A murɗawa ta tara injin ya yi tari, ya fitar da baƙin hayaƙi, ya yi kamar zai mutu, sannan ya kama. Na dubi agogo.

Minti huɗu suka wuce mahaifina bai matsa kusa da famfon ba. Ya gaji, kuma na san tsoronsa: in ya buɗe ya mutu, ba mai sauran ƙarfin murɗawa ta goma. Ya ɗora bel, famfon rijiya ya fara ja, ruwa ya fito ta babban tiyo ya kama hanyar alkama. Minti shida. Abokin ya ce, "Bar shi ya ji jikinsa sosai, yau sanyin ba na wasa ba ne." Minti takwas. Na fara jin ƙaurin fenti. Wani ɗan man da ya zuba a kan injin yana tafasa yana hayaƙi.

Abin da ya kamata a yi na san shi, yana cikin littafin, a shafin da ke bin wancan: a kashe shi, a bar shi ya huce da kansa, ko da za a rasa rabin safiya. A minti na tara mahaifina ya miƙa hannu ya kama famfon.

Na ce, "Baba."

Da ƙarfi na faɗa, don ƙarar injin. Ya tsaya. Ya juyo ya dube ni a fuska, kuma ban tuna wata rana kafin wannan da ya yi haka ba. Abokinsa ma ya juyo, bakinsa a ɗan buɗe, yana jira ya ji abin da ɗan fari zai ce wa ubansa. Kalmomin suna nan a shirye, na jera su a raina sau ɗari a bukka. Na ga gumin da ke goshinsa duk da sanyin, na ga idon abokin a kanmu. Na sunkuyar da kai.

Na ce, "Ba komai."

Ya ɗan jira. Sannan ya buɗe famfon.

Sautin bai yi ƙarfi ba. Ƙas ɗaya ne, amma ya fi na kullum kauri, na ji shi har a tafin ƙafata. Injin ya ci gaba da gudu kamar numfashi goma. Sai hayaƙinsa ya koma fari, ya fara tofar da ruwa ta bututun hayaƙi, gudun ya ragu, ya tsaya. Ruwan da ke babban tiyo ya ja baya ya koma rijiya. Wanda ya riga ya fita ya tafi kamar taku ashirin a cikin alkama, yashi ya shanye shi.

Mahaifina ya murɗa har rana ta take. Faifan yana juyawa sakwaf, ko da na saki kunne.

Washegari aka zo da bakanike daga gari, wanda ke gyaran injinan niƙa. Ya zare sandar awon mai, man ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa. Ya kwance kan injin ya kifa shi a kan buhu, ya goge da tsumma, ya bi wani siririn layi da farcensa. Tsagar ta ratsa daga wannan rami zuwa wancan.

Ya ce, "Malam, ruwan sanyi aka sa masa yana da zafi?"

Mahaifina ya tsuguna kusa da buhun. Abokin ya ce, "Ai kullum haka ake yi masa."

"To da can Allah ne ya tsare." Ya share hannunsa. Ya ce irin wannan ƙarfen ba ya riƙe walda, kuma kan injin jirgi ba abin da za a samu a Gure ba ne, ko a Damagaram bai yi tsammani ba. Sai dai a bakin tafki, in an dace da wani mataccen irinsa. Yana ɗaure kayansa ya ƙara da cewa, "Gaba in za ku tayar da inji da sanyi, ruwan zafi ake ɗura masa. Ko buta biyu ta isa."

Mahaifina yana tsugune yana kallon tsagar. Sai ya ɗaga kai ya dubi bayan bukka, inda tukunyar take tun jiya ba wanda ya ɗauke ta.

Da yamma ya shiga wajen Kaka. Wannan karon ina zaure, amma ana jin magana.

"Inna, maganar ruwan zafin nan. Wa ya faɗa miki?"

"Mafarki na yi."

Na ji ya gyara zama.

"A takardar nan ta cikin akwati yake?"

Na ji ta koma ɓarar gyaɗarta.

Ya ce, "Da an ce mini a takarda yake."

Bai ɗaga murya ba, kuma bai ƙara komai ba. Da ya fito ya wuce ni a zaure, na tashi tsaye kamar yadda na saba, ya sa takalmansa ya tafi masallaci. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Kaka kuwa kwana uku ba ta kira ni maigida ba.

Muka koma guga. Mahaifina ya zagaya garkar da sanda, ya ja layi a kan yashi. Abin da ke cikin layin za a shayar: albasa, kabeji, da fangali shida na alkama mafi kusa da rijiya. Abin da ke waje an bar shi. Daga asuba zuwa azahar yana ja ina ɗauka, sannan mu sauya. Ƙannena biyu suka daina zuwa makarantar allo suna taya mu da bokiti. Igiya ta tsattsaga mana hannu, ruwan kanwa yana shiga ciki. Maƙwabcin, da ƙugun nasa, yakan zo bayan ya gama nasa ya ja mana guga ashirin ya tafi. Ya daina kirana Mushe.

Alkamar da ke wajen layi ta yi kwana tara tana riƙe da korenta. Kullum sai na bi ta gefenta da bokiti biyu zuwa fangalin da aka zaɓa. Daga nan ganyen ya naɗe, ya yi fari daga baki. Zangarniyar da ta fito ba komai a cikinta, in ka murza sai ƙaiƙayi. Kafin ta bushe gaba ɗaya mahaifina ya sa muka yanke ta da lauje, aka ɗaure dami-dami aka kai wa masu dabbobi a kasuwar Gidigir.

Fangali shidan sun ba mu abin da bai cika buhu biyu ba. Rumbu ya ƙare tun zafi bai yi tsanani ba. Aka kai ƙannena mata biyu wajen dangin mahaifiyarmu a Gamu, aka ce na ɗan lokaci ne. Ƙaramar ba ta dawo gidanmu da zama ba sai bayan shekara uku.

Da aka buɗe makarantu, na ce wa Kaka ba zan koma ba, zan tsaya a garka. Ta kai maganar. Amsar ta dawo a ranar: a ce wa wancan ya haɗa akwatinsa. Mako ɗaya bayan tafiyata shi ma ya bar gida. Ya naɗe kan injin a buhu ya hau motar gabas, ya ce zai nemi irinsa a bakin tafki, kafin nan kuma zai yi aikin banda kifi a wajen masunta ya riƙa aiko da hatsi. Hatsin ya riƙa zuwa, mudu-mudu, ta hannun direbobi. Shi bai dawo ba sai da ruwan farko ya sauka, ya rame, yana tarin hayaƙin banda, kuma babu buhun a hannunsa. A ranin da ya biyo baya ya ba maƙwabcin aron filin alkamar, ya riƙe abin da ke kusa da rijiya kawai, daidai abin da guga zai iya.